Yadda ake gane cakulan mai zafi na ƙwarai a kafe, da yadda ake dama shi a gida

Wata safiya a tsakiyar hunturu na shiga ɗaya daga cikin gidajen shan gahawa na zamani da ake kira kafe, a Abuja, na ce a ba ni cakulan mai zafi. Aka kawo mini ƙaton kofi, an tula masa kirim a sama, an yi masa ado da wani baƙin ruwa mai danƙo. Da na ture kirim ɗin gefe na kurɓa, sai na ji madara ce tsululu da sukari, an dai rina ta ruwan ƙasa. Kuɗin da na biya ya isa ya saya mini garin koko na sati biyu. Abin ya tsaya mini a rai, domin daga irin wannan kofin ne mutane da yawa ke yanke hukuncin cewa cakulan mai zafi abin lallashin yara ne kawai. Alhali na ƙwaran abin sha ne mai nauyi, mai gardi, da ɗan ɗaci da baurin da duk mai cin goro zai gane, ya kuma so.

Kokon da zan riƙa ambata a nan ba na gero ba ne da ake sha da ƙosai. Kokon itace nake nufi, wanda ake nomawa a Ondo da Osun da Kuros Riba da wani yanki na Taraba, wanda kuma Kwaddibuwa da Gana su biyu kaɗai ke fitar da fiye da rabin na duniya. Masana tsirrai sun sa shi dangi ɗaya da goro, kuma dukansu biyu suna ɗauke da wani sinadari mai wartsake jiki da ake kira tiyoburomin. Daga ƙwayar kokon ake yin cakulan. Kyau da rashin kyan kofin da za a kawo maka kuwa sun rataya ne a kan abu biyu: yawan kokon da ke ciki, da yadda aka dafa shi. Kirim da ado da girman kofi duk bayan wannan suke.

Abu uku ake sayarwa da suna ɗaya

Na farko shi ne wanda muka tashi da shi a teburin mai shayi: Milo, Bournvita, Ovaltine. Waɗannan asalinsu abin sha ne na tsiron hatsi, kamar dai tsiron da ake sa wa kunun zaƙi, sai aka haɗa da madara da sukari da ɗan koko. Ovaltine daga Suwizalan ya fito a 1904, Milo kuma daga Ostireliya a 1934. Suna da daɗinsu, kuma ba wanda zai raba mu da su da biredi da ƙwai da safe. Amma ƙamshin da ke kan gaba a cikinsu na tsiro ne, koko yana biye. Idan ka biya kuɗin cakulan mai zafi aka kawo maka wannan, an canja maka kaya.

Na biyu shi ne na garin koko zalla. Kusan rabin ƙwayar koko mai ne. A 1828 aka fito da wani injin matsa a ƙasar Holan, a gidan su Van Houten, wanda ke tatse yawancin man ya bar tunkuza, kamar dai yadda ake raba man gyaɗa da ƙuli. Wannan tunkuzar ce ake niƙawa ta zama garin koko. Abin shan da ake yi da shi ba shi da maiƙo sosai, amma in hannu ya iya yana da ƙarfin ɗanɗano.

Na uku shi ne wanda ake narkar da sandar cakulan ɗin kanta a cikin madara. Da yake man kokon yana nan ba a cire ba, shi ya fi santsi da nauyi a baki, shi ya fi tsada, kuma ƙaramin kofi ya isa mutum.

Akwai kuma wani da ban sa shi a lissafi ba, wato wanda ake matso baƙin ruwan sukari daga gora a cikin madara a juya. Shi aka ba ni a Abuja.

A kafe: kafin ka biya

Mataki na farko tambaya ce, kuma ba abin jin nauyi ba ne. Ka ce wa mai haɗawar, “Ɗan'uwa, don Allah da me kuke yin cakulan ɗinku, narkar da shi kuke yi ko gari ne?” Amsar za ta gaya maka kusan komai. Wanda ya ce narkarwa suke yi, har ya faɗa maka kashi nawa ne na koko a ciki, ko ya ɗauko jakar ya nuna maka, ya san aikinsa. Wanda ya ce gari ne, ka ƙara tambaya ko garin koko ne zalla ko haɗaɗɗe ne da sukarinsa. Wanda kuwa ya nuna maka gora mai famfo a jere da na sauran kayan ƙamshi, gara ka nemi shayi ko gahawa, ka bar cakulan sai wani wurin.

Ka kuma lura da takardar jerin kayan shansu. Gidan da ya rubuta cakulan iri shida, wannan da biskit, wancan da alewa, wancan da gyaɗa, yawanci tushe ɗaya ne mai arha ake sauya wa riga. Gidan da ke da iri ɗaya ko biyu, mai duhu da mai madara, ya fi ba ni ƙwarin gwiwa. Farashi ma yana magana. A 2024 kuɗin tan ɗaya na koko ya haura dala 10,000 a kasuwar duniya, bayan ya daɗe yana yawo a wajen dala 2,500, kuma tun daga nan masu sayarwa da yawa suka rage hannu. Don haka ƙaton kofi mai arha da wuya a ce an cika masa koko.

Mataki na biyu, zuwan farko ka ce a kawo maka shi ba kirim, ba ado, kuma a rage sukari ko a ba ka shi daban. Ado yana rufe aibi. In ka ga asalin abin ya yi maka, wata rana ka sa a ɗora duk abin da kake so.

A nan akwai abin da ya shafi addini, musamman ga matafiyi. Farar alewar nan mai laushi kamar auduga da ake jefawa a sama, wadda ake kira mashmalo, da jelatin ake yin ta, kuma a ƙasashen Turai da Amurka sau da yawa daga alade ake samo shi. Wasu gidajen kuma a lokacin sanyi suna ɗiga giya a cikin wani nau'in cakulan ɗinsu. Ka tambaya ƙarara kafin a haɗa.

A kafe: bayan an kawo

Fara da ido. Na ƙwarai launinsa ya kama, ruwan ƙasa mai duhu, wani lokaci da ɗan ja-ja. Wanda ya yi fari-fari kamar shayin da madara ta yi wa yawa, koko ya yi ƙaranci. Sai ka tsoma cokali ka ɗaga: ya kamata ya ɗan lulluɓe bayan cokalin, ba ya zube kamar ruwa ya bar shi fes ba.

Sai hanci. Ƙamshin koko ne ya kamata ya fara tarbar ka, mai kama da na soyayyen abu. In ƙauri ka ji, an ƙona madarar.

Kurɓar farko kada ka yi saurin haɗiyewa. Ka lura da abin da ya fara zuwa. In zaƙi ne ya fara, ya kuma zama shi ne na ƙarshe, har maƙogwaro na neman ruwa, to sukari aka sayar maka. Na kirki yana farawa da gardi, ɗaci kaɗan ya biyo, zaƙin ya zo daga baya ya daidaita su, kuma bayan ka haɗiye ƙamshin ya daɗe a baki. In ka ji wani maiƙo ya manne a ganɗarka kamar kakin zuma ya ƙi tafiya, alama ce an yi amfani da cakulan ɗin da aka cire wa man koko aka maye shi da wani mai mai arha. Man koko na gaske a ɗumin baki yake narkewa, ba ya barin saura.

Gwajin da na fi yarda da shi shi ne na jira. Ka bar rabin kofin ya huce na minti biyar, sannan ka sake kurɓa. Zafi yana ɓoye abubuwa da yawa. Mai kyau in ya huce ƙara kauri yake yi, ɗanɗanonsa ya ƙara fitowa. Marar kyau kuwa rabuwa yake yi, ruwa a sama, gari ya kwanta a ƙasa, zaƙin ya yi ta hawa kai. Ɗan abin da zai kwanta a gindin kofi ba laifi ba ne, don garin koko ba ya narkewa kamar sukari, yawo yake yi a cikin madarar. Amma gudaji busassu a ƙasa shaida ce ba a dama shi ba, zubawa kawai aka yi.

Wanda Allah ya kai shi ƙasashen da suka shahara da shi, ga abin da zai tarar. A Sifen ana yin sa da kauri kamar kunu, ana tsoma wani dogon soyayyen ƙullin fulawa da suke kira curos a ciki. Gidan San Ginés a Madrid tun 1894 yake wannan sana'a. A Italiya ma da cokali ake shan sa. A Faris akwai gidan Angelina da aka buɗe a 1903, wanda fitaccen cakulan ɗinsa sunansa L'Africain, wato Ba'afirke, saboda da kokon nahiyarmu ake yin sa. A Yamai da sauran biranen da ake jin Faransanci “chocolat chaud” za ka nema, kuma tambayar dai ita ce ta farko: narkarwa ko gari.

Sayayyar kayan gida

Garin koko ka neme shi a shagunan masu kayan kek, ko a manyan kantuna. Ka juya bayan kwalin ka karanta jerin abin da ke ciki. Ƙa'ida ce a fara rubuta abin da ya fi yawa, don haka in sukari ne a farko, ka mayar. Wanda kake nema koko ne kaɗai a jerin. Iri biyu ne. Akwai wanda aka bari yadda yake, launinsa bai yi duhu sosai ba, yana da ɗan tsami-tsami. Akwai kuma wanda aka wanke da wani sinadari ɗan'uwan ruwan toka, hanyar da ita ma daga Holan ta fito. Shi ya fi duhu, ba shi da tsami, ya kuma fi saurin haɗuwa da madara. Don sha, na fi son na biyun. In na awo za ka saya a leda, ka shinshina, ka murza tsakanin yatsu: ya zama mai laushi kamar hoda, mai ƙamshi, ba warin ajiya ko na danshi.

Sandar cakulan kuwa ka nemi mai duhu, wadda aka rubuta kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari na koko. Ƙasa da haka zaƙi zai yi yawa in ta haɗu da madara, sama da 80 kuma ɗacin sai wanda ya saba. Ka tabbata akwai man koko a jerin kayanta. Da yawa daga cikin manyan sandunan da ake sayar wa masu kek don lulluɓe kek da man itatuwa ake yin su, saboda su jure zafi. Suna da kyau a ido, amma ba na sha ba ne. Wanda ke da ɗan'uwa mai zuwa Kumasi ko Ankara ta Gana, ya ba shi saƙon Golden Tree mai duhu, wanda ake yi a Tema da kokon ƙasar.

In ka buɗe sandar ka ga ta yi fari-fari a sama, kada ka zubar. A zafin ƙasarmu man kokon ne ke narkewa ya taso ya sake daskarewa. Ba lalacewa ba ce, kuma in ta shiga tukunya ba a gane bambanci. Ka dai ajiye ta a rufe ruf, nesa da daddawa da albasa da busasshen kifi, domin cakulan yana zuƙar warin duk abin da ke kusa da shi.

Madara ta zama mai cikakken mai. In ta gari ce, cokalin cin abinci huɗu a kofin ruwa ɗaya. In ta gwangwani ce marar sukari, rabi madara rabi ruwa. In ta shanu ce daga ruga, ita ta fi duka daɗi, amma a tace ta a tafasa ta sosai tukuna saboda lafiya, sannan a bar ta ta ɗan huce.

Hanya ta farko: da garin koko

Wannan ita ce ta kullum, kuma duk wanda ya iya dama kunu ya riga ya iya rabinta. Ga awon mutum ɗaya: madara kofi ɗaya, wato wajen mililita 250, garin koko cokalin cin abinci biyu a shafe, sukari cokali ɗaya, gishiri ɗan abin da yatsu biyu za su ɗauka.

A zuba garin koko da sukari da gishirin a ƙaramar tukunya tun ba a ɗora ta a wuta ba, a gauraya su a bushe. Sukarin ne ke shiga tsakanin garin ya hana shi dunƙulewa. Sai a zuba ruwan zafi cokali uku, a dama har ya zama ƙulli mai santsi da sheƙi, ba gudaji ko ɗaya.

A ɗora a wuta kaɗan, a riƙa juyawa na kamar minti ɗaya, har ƙullin ya fara ɓararraka a hankali. Wannan matakin ne kusan kowa ke tsallakewa, kuma shi ne ke raba na gida mai daɗi da wanda ke da ɗanɗanon ɗanyen gari. Garin koko yana da sitaci a cikinsa, yana buƙatar ya dahu kamar kowane gari. Za ka ji ƙamshin ya canja, ya cika kicin.

Daga nan a fara zuba madarar kaɗan-kaɗan ana juyawa, kamar yadda ake sassauta kunu. In ta shige duka, a bar ta a wuta har tururi ya fara tashi, ƙananan kumfa suka jeru a gefen tukunya. A sauke a nan. Kada a bari ta tafasa, domin tafasa tana kawo ƙauri, tana kuma sa fata ta taru a sama. A ɗanɗana, in sukari bai ji ba a ƙara rabin cokali.

Gishirin nan kada a raina shi. Ba don a ji shi ake sawa ba. Yana danne ɗaci ya fito da gardi, har ya sa a rage sukari ba tare da an ji an rage ba.

Hanya ta biyu: da sandar cakulan

Wannan ta ranar baƙi ce, ko ranar da sanyi ya yi tsanani. Ga mutum ɗaya: cakulan giram 40 zuwa 50, wato kusan rabin sanda mai giram 100, da madara mililita 200, da ɗan gishiri. Sukari sai an ɗanɗana, don sandar tana da nata.

A yanka cakulan ɗin ƙanana-ƙanana da wuƙa, a zuba a busasshen kwano. Na ce busasshe da gangan: ɗigon ruwa kaɗan in ya shiga cakulan mai narkewa sai ya cure ya yi tauri kamar tunkuza. Ruwa mai yawa ba ya yi masa haka, ɗan kaɗan ɗin ne matsala. A ɗumama madarar har ta yi tururi, a zuba sulusinta a kan cakulan ɗin, a ƙyale shi minti ɗaya ba a taɓa ba. Sannan a fara juyawa daga tsakiya a hankali, ana faɗaɗawa. Da farko zai yi kamar ya tsinke, a ci gaba, zai dawo ya haɗe ya yi sheƙi. A juye shi cikin sauran madarar, a mayar wuta kaɗan, a yi ta kaɗawa minti biyu zuwa uku.

Kada a taɓa jefa sandar a busasshiyar tukunya a kan wuta. Nan da nan take ƙonewa, kuma cakulan in ya ƙone ba gyara.

In aljihu bai kai ba, a haɗa hanyoyin biyu: a yi ta farko, bayan an sauke a jefa giram 15 na sandar a juya. Garin ya ba da ƙarfi, sandar ta ba da santsi. Ni wannan nake yi a yawancin ranaku. Wanda kuma aka yi da daddare aka sa a firji aka ɗumama da safe ya fi sabon yi kauri da daɗi, in dai wuta ta zauna.

Kumfa, kauri da kayan ƙamshi

Mutanen Maya da Aztek na Meziko da maƙwabtanta, waɗanda suka sha koko ɗaruruwan shekaru kafin Sifaniyawa su kai shi Turai a ƙarni na 16, kumfar suka fi daraja. Daga sama suke sheƙa shi daga wannan ƙoƙo zuwa wancan har ya yi kumfa, daidai yadda mai shayi ke yi da kofunansa biyu. Daga baya aka koma amfani da wani ɗan icce da suke kira moliniyo, wanda ake murzawa tsakanin tafin hannu biyu. Duk wanda ya gan shi zai ce maburgi ne, don aikinsu ɗaya. Saboda haka ba sai ka sayi wani inji ba. Ka ware sabon maburgi wanda bai taɓa shiga miyar kuka ba, ka burga cakulan ɗin na rabin minti bayan an sauke, ko ka sheƙa shi sau biyar ko shida. Iskar da ke shiga tana sassauta nauyinsa, ƙamshin ya tashi. A zuba a kofin da aka ɗauraye da ruwan zafi, don kofi mai sanyi a hunturu yana kashe shi tun kafin a kai baki.

Mai son mai kauri irin na Sifen da Italiya, ya dama ƙaramin cokali ɗaya na farin garin sitacin masara a madara mai sanyi cokali biyu, ya zuba a tukunyar tare da sauran madarar. Shi kam dole a bar shi ya ɗan ɓararraka sau ɗaya ana juyawa ba tsayawa, in ba haka ba sitacin ba zai kama ba. Ƙaramin cokali ɗaya ga kowane kofi ya isa. In aka wuce haka kastad aka yi. A sha shi da fanke mai zafi ko gasasshen biredi ana tsomawa.

Kayan ƙamshi kuwa muna da su a gida fiye da yawancin masu kafe. Kirfa babbar abokiyar koko ce, da ita 'yan Meziko ke sha har yau. A jefa ɗan itacenta a madara tun tana ɗumama, a bar shi minti biyar zuwa goma, a cire. Kanumfari ƙwaya ɗaya ga kofi biyu, don yana da ƙarfin mamaye komai. Masoro ƙwaya biyu a fasa. Garin barkono ɗan abin da bakin wuƙa zai ɗauka, ba don yaji ba, don ɗumin da yake bari a maƙogwaro. Haka masu abin na asali suke sha. Kada a haɗa su duka a tukunya ɗaya, biyu sun isa.

Citta tana buƙatar kulawa. Ɗanyar citta tana da wani sinadari da ke tsinka madara mai ɗumi ta yi kamar awara. Ko dai a yi amfani da busasshiya, ko a fara tafasa ɗanyar a ɗan ruwa na minti biyar, sannan a dama garin kokon da wannan ruwan. Tsamiya da lemon tsami su ma ba su shiga. Zuma tana iya maye gurbin sukari, a sa ta bayan an sauke. Dabino ma haka, a jiƙa guda biyu ko uku a markaɗa da madarar a tace.

Wanda madarar shanu ke ɓata wa ciki, madarar waken suya ko ta kwakwa za ta yi masa. Ta aya ma tana yi, kuma zaƙinta na dacewa da koko, sai dai tana da sitaci, tana yin kauri da kanta in ta ji wuta, don haka a rage wutar kuma a sha a take.

In abu ya ɓaci

Gudaji: a tace da rariya mai laushi, a murje abin da ya rage da bayan cokali. Ɗaci ya yi yawa: a fara da ƙarin ɗan gishiri da madara kafin a kai hannu ga sukari. Ya yi lami: koko ne ya yi kaɗan, a dama wani cokalin daban da ruwan zafi a zuba, kada a barbaɗa busasshen gari a kai. Mai ya taso yana yawo a sama: wuta ta yi yawa, a sauke, a zuba madara mai sanyi cokali biyu, a burga da ƙarfi. In ya kama a gindin tukunya, a juye na saman a wata tukunyar nan take ba tare da an kankare ƙasan ba, wataƙila a tsira da shi. Tukunya mai kaurin gindi ta fi siririya ta alminiyam, musamman a kan gawayi inda ba a iya rage wuta yadda ake so.

Gida mai yara da yawa, inda safiya ba ta da lokacin aune-aune, a yi haɗin ajiya: garin koko kofi ɗaya, garin madara kofi biyu, niƙaƙƙen sukari kashi uku cikin huɗu na kofi, gishiri rabin ƙaramin cokali. A tankaɗe su tare sau biyu, a zuba a kwalba mai murfi, a ajiye inda ba danshi. Cokali huɗu ga kofi ɗaya. A fara dama shi da ɗan ruwan zafi ya zama ƙulli, sannan a cika da tafasasshen ruwa daga filas ana juyawa, a rufe kofin da faranti minti ɗaya kafin a miƙa wa yaro. Ga ƙananan yara a rage zuwa cokali uku, kuma a ba su da safe ko da yamma, ba dab da kwanciya ba, don koko yana da ɗan abin da ke hana wasu barci.